Gorar da ke Ƙarƙashin Kujerar Yaya Isyaku

"Na yi wa Allah alkawari a gaban mai unguwa, daga yau ba zan ƙara miƙa wa kowa jiƙon nan ba sai na tambaye shi ko yana shan ƙwayar asibiti. In yana sha, ko ubana ne ba zan ba shi ba. Kuma zan sa a rubuta haka a jikin kowace gora, da boko da ajami."

Malam Ramalan mai magani ne ya faɗi wannan a zauren mai unguwarmu a Rano, kwana huɗu bayan ƙaramar sallar bara. Ni malamar makaranta ce, abin da aka faɗa a gabana ina rubutawa, don haka tun a ranar na rubuta maganar a bangon wata tsohuwar rajista. Mutum tara ne suka ji shi. Ɗaya daga cikinsu kai ne, Yaya Isyaku. Kai ne ma ka juyo ka ce da ni, "To Lubabatu, ya isa haka. Mutum ya rantse. Ni na tsaya masa."

Wata goma bayan wannan zama, ranar Asabar sha shida ga Sha'aban 1427, wadda ta yi daidai da tara ga Satumba 2006, da hantsi, Allah Ya karɓi ranka a gadon asibiti, bayan ka yi kwana biyu ba ka san wanda yake kanka ba. Mu duka na Allah ne, kuma wurinSa ake mayar da mu ɗaya bayan ɗaya. Shekararka hamsin da biyar. Muna cikin gida aka shigo aka ce mana sahun sallarka ya kai har bakin titi, kuma ba motar da ta yi lodi a tasha ranar sai bayan la'asar.

Ga wanda bai san shi ba, Isyaku Muhammad Sani yayana ne uwa ɗaya uba ɗaya. A Fammar aka haife mu. Direban bas ne a hanyar Kibiya zuwa Rano zuwa Kano, shekara talatin da ɗaya a kan sitiyari.

A tasha ba a kiran ka da sunanka, sai dai Direban Nono. Da tsokana aka fara sunan. Matan Fulani masu kawo nono kasuwa daga rugagen Nariya ba sa shiga motar kowa in taka tana nan, domin kai kaɗai kake rage gudu a gargada don kada ƙwarya ta tuntsure. Sauran direbobi su wuce ka suna danna hon, su leƙo su ce, "Isyaku, mota ce wannan ko amalanke?" Kai kuma ka ce, "Ku je, ma haɗu a wurin mai faci." Sau da yawa kuwa a can kake tarar da su. Cikin shekarun nan duka ba ka taɓa buge ko da akuya ba. Kaza ɗaya ka taɓa takewa a Lausu, ka tsaya da mota cike da fasinja, ka ɗauki kazar kana bi gida-gida har ka sami mai ita. Tsohuwar ta ce ta yafe, ta kuma hana ka tafiya sai da ka sha ruwa. Fasinjojin sun yi ta mita har Kano, kana jin su kana murmushi.

Kujerar da ke bayan direba a motarka ta marar lafiya ce. 'Yan kamasho sun san haka, ba sa saka kowa a kanta sai sun tabbata ba wanda za a kai asibiti. Mai naƙuda, mai karaya, tsohon da ido ya rufe masa, ba ka sauke su a tasha kamar sauran fasinja. Har ƙofar asibiti kake kai su, ka shiga ka yankar musu kati, domin ka ce mutumin ƙauye ya fi jin tsoron layin kati a kan allura.

Ni kuwa karatuna kai ne. Ka bar makaranta a aji huɗu ka bi mota, ni na ci gaba. Duk jaridar da fasinja ya manta, duk tsohon littafin da ka ga an shimfiɗa a ƙasa a kasuwar birni, sai ka kawo mini. Ba ka duba abin da ke ciki, kauri kake dubawa. Wata rana ka kawo mini littafin gyaran injin ban-ruwa, ka auna shi a tafin hannunka ka ce, "Wannan da nauyi, lalle akwai ilimi a ciki." Na karance shi tas don kada ka ji ba daɗi. Har yau in injin wani ya tsaya a fadama, ina iya gaya masa inda zai fara dubawa.

Ramalan abokinka ne tun kuna kiwon awaki a Fammar. Magani gadonsa ne. Mahaifinsa ya san saiwa da sassaƙe, ya kuma san inda saninsa ya tsaya. Na sha ji yana ce wa mutane, "Wannan ya fi ƙarfina, ku tafi asibiti." Mahaifin nasa ne ya yi mini maganin shawara ina yarinya, na kuma warke. Saboda haka kada wani ya ce 'yar boko ta tashi yaƙi da maganin iyaye da kakanni. Ina miya da shiwaka, ina shan hulba. Amma da aka ƙaddamar da Shari'a, shagunan magani masu sunayen Larabci suka cika birni, sai Ramalan ya ga shi ma lokacinsa ya yi. Ya fente motarsa, ya ɗaura mata lasifika, ya ɗauki garahuni da shiwaka da ɓawon maɗacin mahaifinsa ya ƙara musu hulba, ya ɗura a gorunan ruwa, ya ce maganin ciwon suga ne. Kalmar nan ta mahaifinsa, wannan ya fi ƙarfina, ita kaɗai ce bai ɗauko ba a cikin gadon.

A azumin bara Uwa mai ƙosai ta yanke jiki ta faɗi a gaban kaskonta dab da shan ruwa. Allah Ya sa a bakin asibiti take suya. Sista Sharifa, malamar asibiti kuma tsohuwar ɗalibata, ta gwada jininta ta ga suga ya yi ƙasa ƙwarai, ta ɗaura mata ruwan suga a jijiya, ta farfaɗo. Da aka bincika sai aka gane tana shan ƙwayar ciwon suga ta asibiti, tana kuma kora ta da jiƙon Ramalan. Sharifa ta zo ta same ni domin ta san Ramalan ɗan gidanmu ne. Abin da ya kai mu zauren mai unguwa ke nan, abin da ya sa ya yi rantsuwar da na fara da ita ke nan.

A lokacin kai lafiyarka ƙalau. Sai a watan Safar na bana ƙishirwa da yawan fitsari da rama suka kai ka asibiti, aka ce ciwon suga ne, aka ɗora ka a kan ƙwaya ɗaya kowace safiya. Daga nan na naɗa kaina 'yar sandan gidanka. Na kwashe suga daga ɗakin matarka Salma. Na hana rake, na hana zuma, na hana alawa. Na taka har tasha na sami mai shayi, na tsaya a tsakiyar direbobi da fasinjoji na ɗaga murya na ce, "Duk wanda ya ba Yaya Isyaku zaƙi, shi ya kashe shi." Aka yi dariya, kai ma ka yi, ka ce, "Kun ji Hisbar gidanmu." Maganar ta zaga tasha har ta zama abin tsokana. Ban san haddace ta ake yi ba.

Sauran labarin bayan rasuwarka na ji shi, daga bakin Salma. A watan Rajab Ramalan ya ba ka gora, kyauta, don zumunci. Ka tuna masa zancen zaure, ya ce, "Ai wancan tsohon haɗi ne. Wannan sabo ne, ba ya faɗa da na asibiti. Ka daure wata uku ka rabu da ƙwaya har abada." Ka yarda da shi, domin ba ka taɓa kama shi da ƙarya ba tun kuna yara. Ba ka shigo da gorar gida ba. A ƙarƙashin kujerarka ta mota ka ajiye ta, saboda tsoron bakina. Da ka koma asibiti ganin likita, bai tambaye ka ko kana shan wani abu ba, kai ma ba ka faɗa ba. Ka ce da Salma, "In na faɗa, a gaban mutane za su yi mini tsawa kamar yaro."

Ranar Alhamis sha huɗu ga Sha'aban ka tashi da azumin nafila. Ka ci ɗumame kaɗan, ka haɗiyi ƙwayarka, ka fita wurin mota da kofi a hannu. Ramalan ya ce maka ranar azumi a cika kofin, don ya riƙe mutum har yamma.

Ka yi lodi a Kibiya kafin azahar. Ranar ba marar lafiya, sai aka ba Jummai kujerar bayanka, wata mai tallan nono daga Nariya wadda ta fi shekara goma tana shiga motarka. Ƙwaryar fura da nono tana kan cinyarta. Ita ta ba ni labarin, a tsakar gidanka, ranar sadakar uku. Ta ce kuna tsakanin Kibiya da Rano, dawa ta yi tsayi hagu da dama, sai ta ga bayan rigarka ya jiƙe sharkaf kamar an watsa maka ruwa, hannunka yana karkarwa a kan sitiyari. Ka rage gudu, ka gangara gefen titi a hankali yadda ko ɗigon nono bai zuba ba, ka ja burki, ka kashe mota, ka zare makulli ka damƙe a hannunka. Mutum goma sha huɗu ne a motar. Sai da ka tabbata ka ajiye su lafiya sannan ka jingina kanka.

"Ya juyo ya kalli ƙwaryata, Malama," in ji Jummai. "Ya ce, ku ba ni, bai ƙarasa ba. Ni kuwa har na dama, har na kwance ƙullin suga na zuba, na cika ludayi."

Sai wani dattijo daga kujerar gaba ya daka mata tsawa. "Ke, kar ki soma. Suga gare shi. Ƙanwarsa da bakinta ta ce duk wanda ya ba shi zaƙi shi ya kashe shi."

Wani ya ce ai ma azumi kake. Dattijon ya ce na nafila ne, larura ta zo, a karya maka, amma da maganinka. Suka laluba suka ciro gorar daga ƙarƙashin kujera. Suka ce suga ne ya hau, ɗaci ne ke sauko da shi, abin da kowa ya sani ke nan. Suka tallafe kanka suka ɗura maka kusan rabi.

"Na mayar da ludayina cikin ƙwarya," in ji Jummai. "Wa zai saurari mai tallan nono a tsakiyar maza?"

Ba wanda ya iya tuƙi a cikinsu. Aka yi kusan awa ɗaya kafin wata mota ta tsaya. Ita ma ba asibiti ta kai ka ba, gida ta kai ka, domin haka muke yi, marar lafiya sai an fara kai shi ga iyalinsa su yanke shawara. Salma ta shimfiɗe ka, ta yi maka fifita, aka kira malami ya yi tofi. Ka fara minshari, sai hankalin kowa ya kwanta, aka ce barci ya samu, sauƙi ya zo. Ni ina birni wajen bitar malamai. Kafin saƙo ya same ni, in sami mota in iso, an yi la'asar. Sai a lokacin aka kai ka asibiti.

A asibiti Sharifa ta tsaga maka yatsa ta duba na'urar gwaji, ta kife ta a kan tebur don kada in gani. Aka ɗaura maka ruwan suga. Sugan ya dawo daidai kafin magariba. Kai ba ka dawo ba. Ta ja ni gefe ta yi mini bayani yadda nake yi wa 'yan aji uku. Ta ce ƙwaƙwalwa da suga take aiki kamar yadda fitila ke ci da kalanzir, in ta daɗe babu shi, ko an zuba daga baya ba lalle ta kama ba. Ƙwayar asibiti aikinta jan suga ƙasa. Irin ganyayen da ke cikin jiƙon nan su ma ƙasa suke jan shi. Azumi ma haka. Uku suka haɗu a kan mutum ɗaya, sannan aka ƙara masa rabin gora. Na ce da ita, furar fa? Ta ce, "Allah ne masani, Malama. Amma da an ba shi tun yana iya haɗiya, ina jin da kansa zai ƙaraso da motar."

Na yi imani da ƙaddara, mai daɗi da marar daɗi. Kwananka ya ƙare, ba mai ƙara maka minti ɗaya. Masu zuwa gaisuwa sun gaya mini haka ya fi sau ɗari, wasu don su ba ni haƙuri, wasu don su rufe mini baki. Na karɓi na farko. Na biyun su sani, alƙali ma ya yi imani da ƙaddara, kuma kullum yana zaman kotu.

Da kaina zan fara. Na je zauren mai unguwa na yi faɗa a kan haɗa jiƙo da ƙwaya, amma ban taɓa zama na tambayi Sharifa abin da ake yi wa mutum in sugansa ya faɗi ba. Rabin ilimi na ɗauka na kai tasha na raba wa mutane da babbar murya, suka riƙe shi da amana, suka yi aiki da shi a kanka. Zafin bakina kuma shi ya kai gorar ƙarƙashin kujera. Da ka san za ka iya gaya mini abu ban tara maka jama'a ba, da a kan tebur zan gan ta tun Rajab. Wannan nawa ne, Yaya, da shi zan kwana da shi zan tashi har in tarar da kai.

Na biyu ma'aikatan asibiti, ba na nan kaɗai ba. Kun san cikin goma da ke kan bencinku ba a rasa bakwai da ke da jiƙo ko gari a gida. Kun sani sarai, domin iyayenku ma suna sha. Amma ko dai ba kwa tambaya, ko ku tambaya da fuskar da ba mai hankalin da zai amsa da gaskiya. Mutumin da ya yi jikoki ba zai zo ya ba ku labarin da za ku kunyata shi da shi a gaban layi ba.

Na uku Malam Ramalan. Gorar da aka ciro daga motar tana gabana yanzu da nake wannan rubutu. Ba ko harafi ɗaya a jikinta, ba na boko ba, ba na ajami ba. Amma tun da ya fito neman kansila a zaɓen baɗi, ba katangar da ba a manna fostarsa mai launi ba, har da ta tashar da kake lodi, yana murmushi da sabuwar hula. Ashe ya san hanyar maɗaba'a. Lasifikarsa kuwa har ranar kasuwar da ta wuce, kai kana kwance a kabari, tana cewa, "Ana sha da na asibiti, ba sa faɗa, ba sa gaba."

Duk da haka da a nan abin ya tsaya, wataƙila da na bar shi da Allah, na rubuta maka addu'a kawai kamar yadda ake yi. Ba a nan ya tsaya ba.

Ranar sadakar uku ya zo gaisuwa. Ya yi kuka a zaure har aka riƙa ba shi haƙuri, kuma ban ce kukan ƙarya ba ne. Sannan ya nemi iso ya shiga wurin Inna, mahaifiyarmu, wadda aka ɗauko daga Fammar don zaman makoki. Ya durƙusa ya gaishe ta, da zai tashi ya ajiye gora biyu a gefen tabarmarta ya ce, "Inna, ga wannan saboda azumi, ya riƙe ki."

Shekarar Inna saba'in da shida. Shekararta huɗu da ciwon suga, kuma irin ƙwayarka take sha. A ranar na ji cewa tun Rajab kai da kanka kake kai mata gorar har Fammar, don kana so ita ma ta rabu da ƙwaya. Na ɗauke gorunan a gabanta. Na durƙusa na gaya mata duk abin da Sharifa ta faɗa, a hankali, ba da muryar tasha ba. Ta bari na gama, sannan ta ce, "Ke dai tun da kika yi boko ba kya ganin kowa da gashi. Ramalan ɗana ne. A akushi ɗaya na zuba musu tuwo shi da Isyaku. Shi zai ba ni abin da zai cuce ni? Kwanan ɗana ne ya ƙare." Na ce, "Inna, ko don ni ki bari." Ta ce, "In shi ya ce in bari, na bari. Shi ya san abin da ya haɗa, ba ke ba."

Washegari na ɗaga matashinta zan kaɗe, na tarar da wata gorar. Wata maƙwabciya ce ta sayo mata, don tausayi. Na ɗauke. In na ɗauke goma za a kawo goma sha ɗaya, domin duk mai ƙaunarta da gora yake nuna ƙaunar. Jiya ta koma Fammar, inda ba na'urar gwaji, ba ruwan jijiya, kuma duk gidan sun haddace dokata ta hana zaƙi. Ta ce tun da ta balaga ba ta taɓa shan azumi da gangan ba, ba kuma za ta fara a shekarar da ta binne ɗanta ba. Saura kwana kaɗan a ga wata. Za ta tashi sahur, ta haɗiyi ƙwaya, ta cika kofi kamar yadda aka gaya maka ka cika.

Ba ita kaɗai ba ce. Ni da Sharifa mun san mutum goma sha uku a Rano da Kibiya da ke haɗa biyun. Waɗanda muka sani ke nan. Duk wanda wannan rubutu ya iske, ya karanta wa wanda bai iya ba: mai ciwon suga da ke shan ƙwaya, in kuka ga yana gumi, yana karkarwa, maganarsa tana sarƙewa, ku ba shi zaƙi nan take matuƙar yana iya haɗiya, ko suga ko zuma ko furar da aka sa wa suga, ko da azumi a bakinsa. In ya riga ya suma kada ku ɗura masa komai, kada ku kai shi gida, kada ku ce barci ne. Asibiti kai tsaye. Kuma duk abin da kuke sha, ku gaya wa likita, ko zai haɗe rai.

Yaya Isyaku, Allah Ya jiƙan ka, Ya gafarta maka abin da muka sani da wanda ba mu sani ba. Da azumi a bakinka ciwon ya same ka, Allah Ya shayar da kai abin da ya fi furar da aka hana ka. Yadda ka sauka daga titi a hankali don kada ka cutar da waɗanda ke bayanka, Allah Ya sauƙaƙa maka kwanciyar kabari, Ya yalwata shi, Ya haskaka shi. Duk marar lafiyar da ka kai ƙofar asibiti, Allah Ya sa ka tarar da ladansa yana jiran ka. Ka yafe mini bakina.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna, Allah Ya ba ta haƙuri Ya kuma bar mana ita. Ga Salma da ke cikin takaba, wadda ta yi abin da ta sani, ba ta da laifi. Ga 'ya'yansa Nasir da Ikram, Allah Ya raya su a kan halin ubansu. Ga direbobi da 'yan kamashon tashoshin Rano da Kibiya, da matan Nariya da suka zo da ƙorensu suka zauna a ƙofar gida. Ga Jummai, wadda ita kaɗai ta yi daidai a motar nan. Dattijon da ya hana ta, ban san sunansa ba, kuma ba na nema. Maganata ya faɗa. Allah Ya yafe mana ni da shi.

Yanzu kai, Malam Ramalan. Kai ma ka yi rashin aboki, ina yi maka gaisuwa. Ga abin da nake nema, kuma ba sabo ba ne, naka ne. Ka je Fammar ka durƙusa a gaban Inna, ka gaya mata da bakinka cewa jiƙon nan ba ya haɗuwa da ƙwaya, ka ɗauke gorar da hannunka. Ka faɗi haka a lasifikarka a kasuwar Rano da ta Kibiya, da ƙarfin muryar da kake talla da ita. Ka manna gargaɗin a jikin kowace gora. Na rubuta maka shi da boko da ajami, layi biyu ne, yana hannun mai unguwa, kai kuma ka san maɗaba'a.

Na ba ka zuwa la'asar ɗin Juma'a, ashirin da tara ga Sha'aban, ashirin da biyu ga Satumba, kafin a fita duban wata. In rana ta faɗi ba ka yi ba, ranar Litinin rajistata da gorar da shaidu takwas da suka rage za mu kasance a gaban alƙali. Amma ba zan jira Litinin ba, domin sahur ba zai jira ba. Makullin da aka ɓamɓare daga hannun Yaya Isyaku yana wurina, direbobin tasha kuma sun ce za su riƙa karɓa-karɓa. Tun safiyar Asabar motarsa za ta fito da lasifika a kanta. Duk kasuwar da ka tsaya, a bayanka za mu tsaya. Duk sanda ka ce ba sa faɗa, zan karanta rantsuwarka kalma bayan kalma, da ranarta, da sunan mutumin da ya tsaya maka.

Inna kuwa zan durƙusa mata har sai ta shiga motar ɗanta. Kujerar bayan direba tata ce. Jummai za ta zauna a gefenta da ƙwarya da ƙullin suga, kuma wannan karon ba wanda zai sa ta mayar da ludayin.

Lubabatu Muhammad Sani
Rano